Aron Faifai a Gidan Tabawa

Jiya da dare, ko addu'ar barci ban ƙarasa ba, na yi wani mafarki wanda har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a zuciya. Maƙwabciyata Tabawa ta shafa wani man bilicin da aka kawo mata tsaraba, aka ce fuskar ta yi dabbare-dabbare kamar wainar da aka manta a tanda. Tun ranar ko zaure ba ta leƙo ba. Ni ban gani da idona ba, kuma Uwale mai kitso ta rantse sai ta riga ni gani. Duk unguwar nan an san ni, Zinaru, ba a riga ni labari. An kuma san yadda muke shiga gidan mutane. Ba a faɗawa haka kawai a ce an zo kallon fuska. Sallama za ki yi, ki ce aron faifan fim kika zo, ki zauna kina zaɓe a hankali, idonki yana aikinsa.

To, sai na gan ni a unguwarmu, amma an raba ta biyu da igiyar shanya. Nan 'yan faifai shuɗi, can 'yan faifai ja. Fim ɗaya ne a ciki, jarumi ɗaya, kuka ɗaya. Kowane ɓangare na cewa nasu ya fi fitowa tar, har kana ganin gashin hancin jarumi yana motsi. Injin wannan ba ya cin faifan wancan. An daina gaisawa. Mahauci ma sai ya tambayi launinka kafin ya yanka maka nama.

Gidana ja ne, gidan Tabawa shuɗi.

Na je na yi sallama. Ta amsa daga bayan labule.

"Wace ce?"

"Ni ce Zinaru, 'yar nan. Aron faifai na zo."

"Aron faifai, Gwaggo? Ai injinki ja ne. Rufe tukunya za ki yi da shi?"

"Hoton kwalin kawai zan duba."

"A gaida gida, Gwaggo."

Sai ga ni a ofishin sauya launi. Shugaban wurin wani ƙadangare ne mai tabarau, yana kwance a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, so nake a mayar da ni 'yar shuɗi."

Ya gyaɗa kai. Har na fara godiya.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi, yana ta gyaɗa kan. "Sai alƙali ya faɗi wanda ya yi nasara."

Da na waiga sai ga Uwale a bayana, tana yi wa tsintsiyar ofishin kitso.

"A'a, Gwaggo, ke ma dubiya za ki?"

"Dubiyar wa? Ni fim nake so."

"Ni ma fim nake so," in ji ta, tana kallon rufi.

Kotun a shagon gem take. Alƙalin kuwa baƙin akwatin gem ne, irin wanda ƙattan unguwa ke rufuwa a kansa suna buga ƙwallo da yatsa, gemu har ƙirji, gida babu cefane. An naɗa masa rawani. Lauyan 'yan ja ya tashi ya yi ta zuba, nasu ya fi sauƙin bugawa, nasu ya fi araha, nasu ya riga zuwa kasuwa. Alƙali ya saurara har ƙarshe. Sannan ya yi gyatsa, ya buɗe baki, sai ga faifai shuɗi kwance a kan harshensa.

"Da wannan aka haife ni a ciki," in ji shi. "Kuma babu gidan da ban shiga ba. Shari'a ta ƙare."

Na ce, "Allah gafarta malam, ashe kai ɗan gidansu ne."

"Gwaggo, rai ɗaya ya rage miki a wasan nan. Ki lallaɓa shi."

Na tattara zanena na fita.

A waje 'yan ja suka yi tsuru-tsuru. Alhaji Ɗanjummai, wanda ya sayi injin ja mafi girma har ya tara mutane suka yi masa Allah sanya alheri, na gan shi zaune a kan injin yana yankan farce. Matarsa tana shanya kuɓewa a kan faya-fayan.

Ni ban tsaya jaje ba. Na cire murjanina na ba wani mai baro, ya ba ni injin shuɗi. Na yi gammo na ɗora a ka don kowa ya shaida, na nufi gidan Tabawa da sauri. Uwale tana gabana da nata injin, tana tafe tana waige.

Nan ruwa ya tsuge, amma daga ƙasa. Ya taso daga kwata, daga rijiya, daga randunan mutane, ya yi sama. Faya-fayai suka bi shi, shuɗi da ja duka, suna walƙiya kamar kifi. Injin da ke kaina ya tashi, ya tafi da gammon, ya tafi da ɗankwalin. Tsohuwa da ni, kai a buɗe a tsakiyar titi.

Wani ma'aikaci yana tsaye a cikin lemar da ya kifa a ƙasa don kada ƙafarsa ta jiƙe.

"Ɗan nan, ina za a kai su?"

"Gajimare, Gwaggo. Yanzu fim a can yake zama. Mai so ya sauko da shi ta waya."

"To 'yan shuɗin da suka yi nasara fa?"

"Sun yi nasara. Ga su can suna tafiya."

"In ina son aro fa?"

"Ba a aro. Ba naki ba ne ma, balle ki ba wani. Kallo ake barinki ki yi, ranar da aka ga dama a ɗauke."

"To da wane dalili mutum zai shiga gidan maƙwabta?"

"Babu dalili, Gwaggo. An huta."

"Uban wa ya huta?"

Na bi layinmu ina leƙe ta taga. Kowace mace tana ɗakinta, hanci a kan waya, tana dariya ita kaɗai. Wata ta haihu, maƙwabciyarta ba ta ma san tana da ciki ba. Wallahi sai da na ji tsoro.

Ƙofar Tabawa a buɗe take, babu labule. Muka faɗa tare da Uwale har kafaɗunmu suka gwaru. Ga Tabawa zaune a bakin gado, ga ɗankwali, ga 'yan kunne, ga wuya, amma fuska babu.

"Tabawa, ina fuskar?"

"Na ɗora ta a sama, Gwaggo, sai ta warke. Mai son gani ya sauke."

Muka zaro wayoyi. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tawa, yana juyawa, yana juyawa, kamar jakin da aka ɗaure a turke. Goshi ya fito. Gira ta fito. Dab da inda abin yake, waya ta ce data ta ƙare.

Uwale kuwa tata ta kai hanci. Ta dafe ƙirji tana salati.

"Uwale, 'yar albarka, ara mini in gani."

"Ba a aro, Gwaggo. Ba ki ji ba?"

Ta juya mini baya. Na miƙa wuya, wuyan ya yi ta tsawo, ya zagaye gado, ya bi ta ƙarƙashin kujera, ya hau kafaɗarta. Saura ƙiris idona ya sauka a kan wayar.

Sai na ji ana buga ƙyauren langa-langa, ƙwam ƙwam ƙwam. Na buɗe ido, gari ya waye tangararan. Ba ƙofata ake bugawa ba, ta bayan katanga ce, kuma muryar na san ta.

"Salamu alaikum! Tabawa, ni ce Uwale. Ko da ɗan gishiri a gidan nan?"

Ko takalmi ban tsaya nema ba.