Ranar da Likita Ya Saurari Ƙirjin Dogara

A shekarun da Suleja take amsa sunan Abuja, Turawa na mulki, an yi wani yaro a Maje mai suna Dogara, ɗan shekara goma sha huɗu, wanda jikinsa yake riga shi jin tsoro. Da an kira sunansa a aji, tun bai san me ake nema ba, sai tafin hannunsa ya jiƙe, bakinsa ya bushe, cikinsa ya murɗa, zuciyarsa ta hau dukan ƙirji kamar tsuntsun da aka kife a ƙwarya. Abin ya same shi ne tun lokacin da muryarsa ta soma fashewa. Bai gaya wa kowa ba. Me zai ce? Ba zazzaɓi, ba miki.

Amma a takarda ba mai kamo shi. Cikin 'yan elementaren da suka zauna jarrabawar shiga makarantar Midil ta Bida, uku aka ɗauka, yana ciki. An ce masa a can akwai ɗaki guda da ba komai a ciki sai littattafai, tun daga ƙasa har rufi. Dogara ya so ɗakin nan irin son da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba, so mai ciwo, har yakan tsaya tsakanin kunyoyin gona da fartanya a hannu yana shaƙar ƙamshin takardun da bai taɓa buɗewa ba.

Saura abu ɗaya. Likita Bature, mai zuwa daga Minna sau ɗaya a wata uku, zai duba yaran ya sa hannu. Wanda bai sa wa hannu ba, ba shi ba motar Bida. Kuma hedimasta ya riga ya gaya wa Dogara cewa baɗi ya wuce shekarun ɗauka.

Ranar da safe uwarsa ta dama koko, ubansa ya hana.

"Kada a ba shi. Na san cikinsa. Ya je gaban Bature ya ce zai kewaya, ina zan sa fuskata?"

Kakarsa Hajjo tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta yafuto shi.

"Zo nan, angona. Dubi yadda kake karkarwa kamar ɗan akuyar da ruwa ya daka. Wai wannan ne zai tafi Bida ya bar ni?"

"Ai don in huta da ke zan tafi," in ji Dogara. "In samo mai haƙora."

"Ja'iri. Wace mai haƙoran za ta kalli wannan wuyan naka?"

Ta kwance ganye, ta fiddo fararen goro biyu manya, ta danƙa masa.

"Kakanka in zai shiga fada goro yake ci, zuciyarsa ta tsaya cak. Ɗaya a hanya, ɗaya a bakin ƙofa."

"Ban taɓa ci ba, Hajjo."

"To yau ka zama namiji."

Ya ci na farko a hanya, cikinsa ba komai. Ɗacin ya kai masa har kunne, amma can sai ya ji idonsa ya washe, ƙafarsa ta yi sauƙi, dawar da ke gefen hanya ta yi wani irin kore da bai taɓa lura da shi ba. Ya sa wa tsohuwar albarka a ransa. A barandar ɗakin shan magani, inda sauran yaran biyu suke zaune sun tuɓe riguna, ya tauna na biyun.

Malam Abdulsalami, malamin asibitin, ya leƙo. "Dogara Maje."

Nan jikin ya tashi, tashin da bai taɓa yi ba. Likitan dogo ne, jajir, ba mugu ba. Har murmushi ya yi. Ya ɗora ƙarfen sauraro mai sanyi a ƙirjin yaron, yana kallon agogon hannunsa. Murmushin ya ɓace. Ya matsar da ƙarfen, ya sake saurara. Dogara yana jin Turanci sarai, amma kunnuwansa ƙugi suke, bai kama ko kalma ba.

"Ya ce ka fita ka huta rabin awa," in ji Malam Abdulsalami. "Ka kwantar da hankalinka, ɗana. Ba komai."

Wannan rabin awar ce ta ƙarasa shi. Ya zauna yana roƙon zuciyarsa kamar mai lallashin jariri. Ya karanta duk addu'ar da ya sani. Sai dai duk lokacin da ya saurare ta don ya ji ko ta lafa, sai ta tsorata da sauraren, ta ƙara gudu. Gudun ya tsorata shi, tsoron ya koma ya zuga ta. Yatsunsa suka yi sanyi, gumi na bin haƙarƙarinsa. Abokansa suka fito suna dariya, kowa da sa hannun likita a takardarsa.

Karo na biyu likitan bai daɗe ba. Ya ce ya miƙa hannuwa, ya ga suna rawa. Ya yi rubutu layi biyu, ya dafa kafaɗarsa da tausayi, ya rufe fayil.

"Ya ce zuciyarka ba za ta ɗauki makarantar kwana ba," in ji Malam Abdulsalami, yana kallon ƙasa. "Gudu, fareti, ƙwallo. Yana tsoron kada ka faɗi a hannunsu."

Dogara bai iya komawa gida ba. Ya zauna gindin mangwaron da ke bayan ɗakin har aka yi la'asar. Ya ji motar likita ta tashi, ƙararta ta yi nisa ta ɓace. Da abin tsoron ya riga ya faru, jikin ya sake shi, ya bar masa gajiya kawai.

Nan Malam Abdulsalami ya same shi da zai tafi masallaci. Ya tsuguna, ya kama wuyan hannunsa, ya shiga ƙirga bugun jininsa. Ya sake ƙirgawa.

"Ikon Allah. Ai zuciyata ma ba ta kai taka lafiya ba." Ya dubi leɓen yaron da ya rine. "Me ka ci yau?"

"Goro. Biyu."

"Da me?"

"Shi kaɗai."

Malamin ya saki hannun a hankali. Ya gane goron ne ya ƙara zuga zuciyar, ba ciwo ba.

"Malam, in ka rubuta wa likitan fa? Ka ce ka duba ni?"

"Ni wa? Ni mai wanke miki ne, Dogara. Takardar tana cikin motar nan. Kafin ya dawo an cike gurbinka, 'yan ajinka sun yi wata a Bida."

"Ko ka gaya wa hedimasta."

"Zan gaya masa." Amma yadda ya faɗa, su biyun sun san iyakar abin.

Dogara ya sa rigarsa ya kama hanyar Maje. Zuciyarsa na tafiya a natse, lafiyayya, ba mai sauraro. Sai da ya hango rufin gidansu, da mutanen da suka taru a ƙofa suna jiran labari, sannan ya ji tafin hannunsa ya soma jiƙewa.