Kwakwar Pandu

Kwakwar ta ɓurma kwanon ɗakin daidai lokacin da Miza ta ɗaga jaririyarta Raya daga kan tabarma za ta ba ta nono. A gurbin kan yarinyar ta sauka, ta daki ƙasa, ta gangara ƙarƙashin gado.

Shaame yana tsakar gida yana naɗe igiyar hawan kanumfari lokacin da ya ji ƙarar. Bai ji kuka ba, bai ji ihu ba, sai muryar matarsa a kwance.

"Baban Raya, shigo ka gani."

Ya shiga. Rana ta leƙo ta ramin kwanon, ta sauka a kan tabarmar. Ya dubi ramin, ya dubi yarinyar da ke tsotso hankalinta kwance.

"Ba ta taɓa ta ba?"

"Ba ta taɓa ta ba. Sai ta taɓa ta za ka motsa?"

"Miza, kin san na yi magana. Na yi magana har na gaji."

"Ni ma na gaji da jin ka yi magana. Motar la'asar zan bi zuwa Wete, gidanmu. In ka ga na sake kwana a ɗakin nan, to bishiyar nan tana ƙasa."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya san ba barazana ba ce. Ya ajiye igiyar ya fita.

A wurinmu nan tsibirin Pemba mai ƙasa daban, mai itace daban. Filin na Shaame ne, gadon ubansa, amma kwakwar da ke bayan ɗakinsa ta Pandu ce, ɗan Bi Mpaji maƙwabciyarsu. Ranar da aka haifi Pandu aka binne cibiyarsa a wurin, aka dasa kwakwa a kai, kamar yadda aka yi wa kowannenmu. Tare suka tashi da Shaame. Da suka girma Pandu ya bi jirgin ruwa zuwa Mombasa neman aiki, ya riƙa bugo waya a watannin farko, daga nan shiru. Yau an haura shekara goma. Ita kuwa bishiyar ƙwaro ya cinye cikinta, ruwan damina ya zaizaye gindinta, ta karkato kan ɗakin Shaame. Masu hawa sun ce ko nawa za a ba su ba za su hau ba. Ga iskar kudu ta fara kaɗawa, kullum ƙarfi take ƙarawa.

Ya tarar da Sheha Vuai, mai garinmu, a bakin titi yana juya shanyar kanumfarinsa da ƙafa. Sheha mutum ne da tun da aka naɗa shi ba wanda zai rantse ya taɓa jin i ko a'a daga bakinsa.

"Baba Sheha, yau saura ƙiris ku yi jana'iza a gidana."

"Subhanallahi. Ta wa?"

Shaame ya ba shi labari. Sheha ya yi ta girgiza kai, ƙafarsa ba ta daina juya kanumfari ba.

"Allah ya kiyaye gaba. To ai sai ka je wurin mai bishiyar."

"Mai bishiyar yana ina?"

"Ka ji inda matsalar take ke nan."

"Ba kai ne hukuma ba?"

"Hukumar mutane, ɗana. Ba a naɗa ni a kan itatuwa ba. In uwarsa ta ce a sare, ni ne shaida na farko."

"Na je mata ba sau ɗaya ba. Kullum sai ta ce in bari Pandu ya dawo. Kai ka je ka yi mata magana, za ta ji nauyinka."

Sheha ya tsaya da juyawa, ya dube shi kamar ya ce masa ya shiga teku da ƙafa.

"Ni? Matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana kaf? Kai kanka ita ta yanke maka cibiya. Kullum da safe tana zuwa ta dafa bishiyar nan, ka sani na sani. A wurinta muddin bishiyar tana tsaye, ɗanta yana da rai. In je in ce mata me?"

"To in 'yata ta mutu fa?"

"Haba, daina mugun fata. Ku koma ɗakin girki mana kafin a ga abin da hali zai yi."

"Ɗakin girkin ma a ƙarƙashinta yake."

"Kai, wannan bishiya," in ji Sheha, ya koma kan shanyarsa.

Shaame ya wuce bai yi sallama ba. Hanyar kanti ta bi ta gefen gonarsa, kuma da ma bai duba ba. Kanumfarinsa ya yi jajir a sama, yana gab da buɗewa, wanda kuwa ya buɗe ya zama fure ba mai sayensa. Kowa a garin yana kan bishiyarsa tun asuba, ana ta kiran juna daga reshe zuwa reshe. Abin da za a ci shekara da shi ke nan, shi kuma ga shi yana yawo a ƙasa yana roƙon izinin kada a kashe masa 'ya a cikin ɗakinsa.

Kombo mai injin yankan katako yana zaune a inuwar kanti yana wasa haƙoran zartonsa.

"A'a, angon ƙarni. Yau ba a hau ba? Ko uwargida ta hana?"

"Tashi ka ɗauko injinka."

"Wace za mu kayar?"

"Kwakwar bayan ɗakina."

Kombo ya mayar da kansa kan aikinsa. "Au, yanzu na tuna, ba mai a injin."

"Ga shi can a jarka ina gani."

"Wannan na wata bishiyar ne." Ya yi dariya, amma da ya ga fuskar Shaame sai ya gintse. "Mutumina, ka san ba na ƙin aiki. Mangwaron maƙabarta ma ni na sare, da rana tsaka, ban yi ko mafarki ba. Amma hawayen tsohuwar nan ba zan ɗauka ba. Ina da yara."

"Ni kaji gare ni?"

"To ka ɗaga ɗakin mana. Mu taru mu kama maka."

"In ɗaga in kai ina? Cikin gonar rogo? Ɗaki kwando ne?"

"Kawo mini maganarta. Ko kai ta gyaɗa, kafin ka sha ruwa na gama."

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa gidan Bi Mpaji. Tana zaune a barandar ƙasa tana saƙar tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa, yatsunta suna tafiya ba tare da ta duba ba. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Shaame, na ji ƙarar ɗazu. Ya kishiyata?" Haka take kiran jaririyar.

"Allah ya kiyaye, Iya. A inda kanta yake ta faɗo."

"Allah shi ne mai tsarewa. Zan sa a ɗauko maka kwano ɗaya daga bayan ɗakina, ka toshe ramin."

"Ba kwano na zo nema ba. Iya, bishiyar nan ta mutu a tsaye. Yau kwakwa ce, gobe ita ce gaba ɗayanta. Miza ta ce za ta tafi da yarinyar yau ɗin nan."

"Zan yi wa Miza magana."

"Ba maganar Miza ba ce. Ki ba ni izini in sare."

"Ai ba tawa ba ce, ɗana. Ka ƙara haƙuri Pandu ya zo. Kai da shi ba kwa ɓatawa, in ka roƙe shi zai ba ka."

Wannan amsar ya sha ji, da wannan muryar mai taushi, yana cewa to yana tashi. Yau bai tashi ba.

"Iya, Pandu ba zai zo ba. Pandu ya mutu."

Yatsun suka tsaya.

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Kowa a garin nan ya sani, tsoronki suke ji." Ya kasa tsayawa. "Ni na san Pandu. Mutumin da ko kamun kifi ya je sai ya aiko a duba ko kin ci abinci? Shi ne zai shekara goma bai neme ki ba? Wallahi da yana numfashi, ko a kurkuku yake da kin ji daga gare shi. Da rarrafe ma da ya zo. Ba ya raye, Iya. Raya ce take raye."

Ya jira zagi, ko kuka, ko baki. Tsohuwar ta daɗe tana kallon saƙar da ke cinyarta.

"Duk wanda na tambaya sai ya ce Allah ya dawo da shi lafiya," ta ce a hankali. "Ni kuma in kwanta ina tunanin me na yi masa da ya yar da ni haka." Ta naɗe saƙar ta ajiye a gefe. "Je ka kira Kombo."

Ba za a yi ƙarya ba, daɗi Shaame ya ji. Da gudu-gudu ya koma kanti, har yana tsokanar Kombo a hanya cewa yau dai mai ya samu.

Kafin su gama ɗaura igiyoyin da za su ja bishiyar ta faɗa wajen gona, labari ya zagaye gari. Mutane suka sassauko daga kan kanumfari, hannuwansu da danƙo, suka tsaya nesa-nesa. Sheha ma ya zo, ya tsaya inda za a gan shi a matsayin shaida. Miza ta fito da yarinyar a kafaɗa.

Kombo yana shirin jan igiyar injin sai ga Bi Mpaji. Ta yi wanka, ta lulluɓe da farin mayafi, tabarma a hammata. Ta shimfiɗa a ƙofar gidanta ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta fuskanci bishiyar. Matan da ke wurin suka dubi juna. Ɗaya bayan ɗaya suka fara jan mayafansu suna rufe kai.

Kombo ya dubi Shaame.

"Tayar," in ji Shaame.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, don cikin ba komai sai baƙin gari kamar toka. Bishiyar ta yi ƙara, maza suka ja, ta tafi a hankali ta faɗi cikin rogo, ƙasa ta girgiza. Kombo ya kashe injin. A cikin shirun aka ji muryar tsohuwar sarai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan ka, Pandu."

Nan mata suka fashe da kuka.

Miza ta matso kusa da mijinta, idanunta sun yi ja.

"Me ka ce mata?"

"Gaskiya na faɗa mata."

"Ni bishiya na ce ka sare, Baban Raya."

Ta gyara riƙon yarinyar ta wuce, ta je ta zauna jikin tsohuwar. Jim kaɗan motar la'asar ta tsaya a bakin titi, ta yi ta oda, da ba wanda ya fito ta ƙara gaba.

Sheha kuwa sai ga shi ya farfaɗo, don zaman makoki aiki ne da ya iya. Ya aika a kira liman, ya ce a fito da tabarmin masallaci, ya ce gobe ba mai hawa kanumfari sai an yi wa mamaci salla da addu'a. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro. Sannan ya je ya rusuna gaban Bi Mpaji.

"Iya, a wajen maza wa zai zauna ya karɓi gaisuwa? Ba shi da wa, ba shi da ƙane."

"Shaame," ta ce.

Shaame ya ji daga inda yake tsaye. Ya zo ya durƙusa. "Iya, ni kuwa? Ki sa wani. Ni ne fa na..."

"Kai kaɗai ka ce ɗana ba zai yar da ni ba. Je ka zauna."

Ya je ya zauna a kan tabarma, ya jingina da gindin mangwaro. Daga nan yana hango rufin ɗakinsa, sama fayau a kansa, ba abin da zai sake faɗowa. Maza suka jeru. Na farko Kombo ne, yana warin mai, garin katako har gira. Ya tsuguna ya kama hannun Shaame da hannu biyu, ba alamar wasa a fuskarsa.

"Sannu, Shaame. Ya haƙuri?"

Shaame ya buɗe baki zai amsa yadda ake amsawa. Ɗazu cikin fushi ya faɗi maganar, don a ba shi bishiya. Sai yanzu ya ji ta shige shi, cewa Pandu abokinsa ya mutu a wani wuri shi kaɗai, ba wanda ya san ranar. Amsar ta ƙi fitowa, hawaye suka zubo masa har gemu.

Kombo bai saki hannun ba, sauran mazan suka tsaya a bayansa suna jira.