Tsamiyar Tsakiyar Tafki

Auta ya dawo da robar ruwa a hannu, ya tarar babu kowa a kan bencin da ya bar Baba. Sandar Baba ce kawai a jingine.

Ko minti biyar bai yi ba. Likita ne ya ce a riƙa kawo tsohon lambun shaƙatawa ya sha iska, tunda mantuwa ta kama shi, wani lokaci ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Da safe sai da Yaya ta ja wa Auta kunne: "Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya, kar ka kuskura ka ɗauke ido daga kansa."

Ya ruga wajen lilon yara, babu shi. Ya leƙa banɗaki, ya zaga filin ƙwallo yana kwaɗa kira. Wayarsa ta hau ruri. Yaya ce. Bai ɗauka ba.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi. "Samari, lafiya kake haki?"

"Babana ne ya ɓace. Tsoho, mai farar hula."

"Ɗan tsohuwar unguwa ne? Ai kafin a yi lambun nan duk gidaje ne. Aka tashe su, aka shuka ciyawa, aka haƙa tafki. Tsofaffin nan in sun ɓace, gida suke tafiya. Ta ina naku yake?"

Auta ya kwasa da gudu. Kullum Baba sai ya yi zancen tsamiyar ƙofar gidansu. Tsamiya ɗaya ce a lambun, tana kan ɗan tsibiri a tsakiyar tafki.

Yana isa ya hango shi. Ruwa ya kai wa Baba ƙugu, rigarsa ta taso tana yawo a bayansa, yana ta takawa. Auta ya buɗe baki zai kurma ihu, wani mai ba da hayar kwalekwale ya damƙe masa hannu.

"Kar ka firgita shi, zai zame. Taku uku a gabansa rami ne."

Auta bai iya ruwa ba. Haka ya shiga, taɓo na jan takalminsa.

"Baba," ya ce a hankali. Tsohon bai waiga ba. Ya ƙara taku ɗaya.

Auta ya gyara murya kamar baƙo a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Ana sallama da maigida!"

Baba ya tsaya cak. Ya gyara zaman hularsa.

"Wa alaikumus salam. Ga ni nan fitowa."

Ya juyo, ya tako a hankali, ya miƙo hannu don su gaisa. Auta ya kama hannun da hannu biyu, ya ƙi saki.

"Malam, ka yi haƙuri, babu wurin shimfiɗa tabarma," in ji Baba, yana duban ruwan da takaici. "Yaran nan ne. Wani ya bar famfo a buɗe."