Sha Takwas ɗin Haula

A dare na uku da saukar baƙon, Rabo baduku ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba a Dakoro. Ƙi-ƙi-ƙi, sai shiru, sai kuma ƙi-ƙi. Ba gyare ba ne, ba kuma ɓera ba. Ya ɗauki tocila ya bi bango har ɗakin zaure da ya ba da haya, ya tarar da baƙon nasa, Rashidu, riƙe da alli yana rubutu a bayan ƙofar ƙarfe.

"Yi haƙuri, Baba. Hannuna nake horarwa. Ban taɓa rubutu a tsaye ba."

Rashidu mutumin Jibiya ne, can Najeriya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar da albasa a Fatakwal, a can Ingilishi ya zauna masa a baki. Karatunsa kuwa firamare ce, ita ma bai kai ƙarshenta ba. Da kasuwa ta karye masa, wani direba ya gaya masa akwai wata kwaleji mai zaman kanta a Dakoro da ta yi wata huɗu ba malamin Ingilishi. Darakta ya saurare shi kaɗan ya ce ya fara, in an tambaya ya ce takardunsa na hanya. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna ɗakin yayansa a Jibiya, suna jiran aikin ya zauna ya ɗauko su.

Haula, 'yar autar Rabo, tana ajinsa. Yarinya ce da lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa yi wa daɗi ba. Amma yanzu sai ta dawo tana ba da labari: Mushe Rashidu, haka suke kiran malamin boko, ya zo aji da albasa uku, ya kasa su bisa tebur, ya ce kowa ya zo ya taya da Ingilishi, wanda ya yi Hausa a kore shi daga kasuwa. Rabo yakan ajiye basilla ya saurare ta tana ciniki da akuya cikin Ingilishi a tsakar gida.

Ran wata Alhamis ta kawo takardar jarrabawar farko. A sama, da jan biro, an rubuta 18. Rabo bai iya karatun boko ba, amma ya san lamba, kuma kowa a ƙasar nan ya san bisa ashirin ake ba da maki. Haula ba ta taɓa wuce bakwai ba. Ya tashi ya kama zabuwar da yake tanadi don salla ya yanka, ya aika aka kira maƙwabta. Haula ta ce kanta na ciwo, ko romo ba ta sha ba.

Ana cikin ci sai ga Dela mai fura, maƙwabciyarsu, da takardar ɗanta.

"Malam Rabo, kai da ka san lamba, duba mini. Saba'in da huɗu bisa ashirin, wannan ɗan nawa mutum ne ko aljani?"

Aka kira Rashidu daga zaure, hannunsa da maiƙon zabuwa. Ya dubi takardun biyu, ya ce ai bisa ɗari ne, haka aka yi musu a firamare. Sai da ya ga fuskar Rabo ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

"Ke kin sani?" Rabo ya tambayi Haula.

"Na sani, Baba. Na ga kana murna ne."

Kafin safiya labari ya gama unguwa. Iyaye suka cika ofishin darakta, wasu na dariya, wasu ba sa yi. Wani ma'aikaci ya ce wanda bai san bisa nawa ake ba da maki ba, a wace makarantar malamai ya zauna? A fito da takardunsa. Darakta ya dubi Rashidu, yana jira ya faɗi abin da suka shirya.

"Babu takarda a hanya," in ji Rashidu. "Albasa na sayar."

Rabo ya miƙe, ko da yake bai saba magana a ofis ba.

"Ni aka fi yi wa, zabuwata ta tafi. Amma ni ma ba ni da takardar dukanci, kuma takalmin da ke ƙafarka, Mushe Darakta, ni na ɗinka. A nuna masa ashirin ɗin nan mana. Kwana nawa za ta ɗauke shi?"

Aka yi dariya. Darakta bai yi ba. Ya ce magana ta riga ta fita, in ta kai kunnen masu bincike na gwamnati makarantar za a rufe. Nan take ya sallami Rashidu.

Ran Lahadi Rabo ya ɗaukar masa jaka har tasha. Rashidu ya ce a gaya wa Haula a Ingilishi bakinta ya fi hannunta, kada ta bar magana. Mota ta cika ta kama hanyar Maraɗi.

Da Rabo ya dawo, ya tarar da maza uku a ƙofar gidansa, cikinsu har da ma'aikacin nan, suna ta maimaita labarin saba'in da huɗu. Dela ta sauke ƙwaryar fura ta tsaya ta ji su har suka gama.

"To, gobe Litinin," ta ce. "Wa zai shiga ajin?"