Faifan Kulocin Issoufou

Ƙarar ta sa Ummulkhair ta saki ludayi ta leƙa tsakar gidan hayarsu na unguwar Al Qusais, a ƙasar Larabawa. Issoufou ne, maƙwabcinta mutumin Maraɗi, zaune a ƙasa yana haki. Kulocin wani babur na tafiya a kan ƙanƙara ne ya faɗo masa a cinya.

"Da ruwa na ciro shi, Hajiya," in ji shi. "Ka ɗura a ramin, ka ɗaure ƙusa, khalas, shi ke nan, ya yi tsalle ya fito da kansa."

"Kai da ko kunu ba ka iya shanyewa?"

Babur ɗin na Alhaji Kamal ne, tsohon maigidansa. A gwanjon kwantena ya saye shi, ya samo Balaraben da zai hau yashi da shi, sharaɗi ɗaya: kulocin ya daina cijewa. Wannan Alhajin ne ya soke bizar Issoufou a makon da likita ya ce huhunsa ya lalace, katin asibiti ya bi biza. Amma da bai samu mai gyara ba, sai ga shi ya turo babur har gida, ko kunya babu.

Issoufou ya kwance murfin a hankali don kada sifirin ya yi tsalle ya fasa masa fuska. Ya wanke faya-fayen kulocin guda biyu da ruwan zafi da sabulu, yana goge su yana tari.

"Gyara masa za ka yi?" Ummulkhair ta tambaya, ranta a ɓace.

"Jamais, har abada. Hannuna ne ba ya iya barin datti." Ya miƙa mata faifai guda, mai zurfi kamar kwano. "Babu irinsa a ƙasar nan. Alhaji ya faɗa mini in koma gida in mutu. To, ga ni ban koma ba. Kada wannan ya koma hannunsa da amfani."

Ranar Laraba ta kai masa kunu, ta ƙwanƙwasa allon da ya raba ɗakunansu, shiru. Ta same shi a kan darduma, rai ya yi halinsa, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba. Ta yi kuka, amma haushin ya fi kukan yawa.

A falonta aka yi zaman makoki, don ɗakinsa bai fi katifa ba. Alhaji Kamal ya iso da la'asar, yana ta ƙamshi. Ya shafa addu'a da sauri, ya matso bakin kicin.

"Allah ya jiƙansa, yarona ne. Af, bai bar wani ƙarfe ba? Mai saye yana jira gobe."

"Ya bari, Alhaji. Zauna, yanzu zan kawo."

Tun safe take hura gawayi a cikin faifan, tana ƙara wani in ya cinye. Fuskar faifan da bel ɗin injin ke bi, wadda Issoufou ya goge har tana ɗaukar ido, ta ƙone ta karkace. Ta barbaɗa turaren wuta, ta ɗauko shi da tsumma, ta dire a tsakiyar jama'a, daidai ƙafafun Alhaji.

Ya dubi faifan, ya dube ta. Ya buɗe baki, sai liman ya ɗaga hannu ya ce a ƙara wa mamaci Fatiha.

Alhaji Kamal ya ɗaga nasa hannayen. Hayaƙin yana tashi a hankali, yana ratsa tsakanin yatsunsa.