Juji a Bayan Katangarsa

Dogo ya taka burki a ƙofar babban jujin gari, motar shara ta yi gurnani ta tsaya. Mai gadi bai ko tashi daga benci ba, hannu kawai ya kaɗa masa.

"Juya, Dogo. Ruwan jiya ya cinye hanyar ciki. Motoci biyu na can sun kafe."

"To ina zan kai wannan kaya?"

"Ni dai ƙofa aka ba ni, ba a ba ni amsa ba."

Dogo ya kira ogansu a waya. Oga yana tauna wani abu ya ce, "Kai shi tsohon ramin da ake haƙar ƙasa, na bayan firamare. Yau kowa can zai zuba."

"Ranka ya daɗe, ai unguwarmu ce. Katangar gidana ce a bakin ramin."

"Ka ga ka huta da tambayar hanya ke nan." Oga ya yi 'yar dariya, sannan muryarsa ta bushe. "Tun safe 'yan kasuwa ke kirana, tsutsa ta fara hawa rumfunansu. In ba za ka iya ba, kawo makulli. Masu son kujerar nan sun fi ƙudajen da ke bin ka yawa."

Ya kashe.

Dogo ya daɗe riƙe da sitiyari. Autarsa, 'yar shekara shida, kwananta huɗu ke nan da dawowa daga asibiti. A asibitin, ya tsaya a kanta yana kallon haƙarƙarinta na ɗagawa kamar zugazugi, likita kuwa ko ɗago kai ba ta yi daga takarda ba ta ce, "Ciwon asma ne. Ku raba ta da hayaƙi." Shi kuma ya san abin da ke bin shara a ramin nan. Kafin la'asar masu tsintar ƙarfe za su cinna wuta don su ƙone robar wayoyin lantarki, wutar ta yi mako tana ci ta ƙarƙashi.

Ya tayar da mota ya shiga zagaye gari. Bakin rafi, mata ne da jarkoki suna ɗibar ruwa. Kangon bayan tasha, wasu sun kafa rumfunan kwano, ga shanyar kayan jarirai a igiya. Duk fegin da ya hango, akwai katangar wani a gefensa. Rana ta take, ruwan shara na ɗiga a kwalta, masu babur na toshe hanci suna zaginsa. Allurar mai ta kwanta.

Da azahar ya shiga unguwarsu. Tsohuwar da ke sayar da kayan miya a bakin layi, wadda ta yi wa matarsa wankan jegon Auta, ta ɗaga kai ta gane shi.

"Ɗan nan, har da kai?"

Ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji. Ya yi baya-baya har can ƙarshen ramin, iyakar inda taya za ta iya takawa, sannan ya ja ƙarfen juyewa. Kaya suka zube da nauyi. Wata baƙar leda ta tashi sama, iska ta ɗauke ta, ta haye katangarsa.

Ya kira matarsa.

"Baban Auta, yau fa da sauƙi," ta ce da fara'a. "Ta ci abinci, har tana rigimar fita tsakar gida."

"Kar ta fita. Ki rufe tagogi, ki jiƙa tsumma ki toshe ƙasan ƙofa."

Ya ji ta ja numfashi, ya san warin ya isa.

"Wane marar imani ne kuma ya zubo mana?"

Dogo ya dubi madubin gefe, inda wani mutum da buhu ya riga ya fara gangarawa ramin.

"Ki dai rufe," ya ce. "Akwai sauran lodi biyu a hanya."