Bayan Ƙyallen Majigi

Mika'ilu maɗinkin riga ne a wata unguwa da ke gefen Furana. Allura da zare ne abincinsa, amma daga Ikara har Kudan da majigi aka san shi. Shekara biyu da samun mulkin kai, babu kallon da mota ta kawo ƙasar nan wanda ya wuce shi.

Yana da ƙa'idarsa. Fim ɗaya sau uku yake kallo. Idan motar majigi ta kafa ƙyallenta a Ikara, yana nan. Idan ta wuce Makarfi, ya hau kekensa ya bi ta. Idan ta nufi Kudan, ya kwana a Taba wajen wani abokin sana'arsa, washegari ya ƙarasa. Ya ce kallon farko mamaki ne kawai, ba a gane komai. A na biyu ake jin magana. Na uku shi ne na kama ƙarya.

Da buzunsa yake zuwa. Tun rana ba ta faɗi ba yake shimfiɗa shi a tsakiyar fili, daidai cibiyar ƙyalle, nesa da ƙarar inji. Ba ya cin gyaɗa a wurin kallo, ba ya amsa gaisuwa sai an tashi.

Sau biyu ya shiga gidan silima a Zariya, kuma ya dawo da hukuncinsa. Ya ce Turawan nan masu manyan malafuna ba su san doki ba, domin yini guda suke sukuwa babu mai shayar da dabba. Na Indiya kuwa, a tambayi mace magana ɗaya, sai ta kama waƙa ta zagaye bishiya. Ya ce kayansu dai da kyau, ɗinkin ne ba shi da ƙarfi. Shi ya fi son majigi, inda ake nuna yadda ake haƙa rijiya da yadda jirgin ƙasa ke shan ruwa.

Matarsa Lantana takan ce, "Rigunan mutane na nan jibge, kai kana can kana bin hayaƙin mota."

Shi kuma ya ce, "Wanda bai gani ba, shi ke da baki."

Abu ɗaya ke ci masa rai. Mota ba ta taɓa shiga unguwarsu ba. Dattawan wurin ba su taɓa ganin majigi ba, domin dattijo ba ya barin garinsa ya je kallon wasa. Mika'ilu ya yi ta bin Tukur, mai kula da injin, da roƙo. Tukur ya ce hanya ba ta da kyau. Mika'ilu ya tara samari suka cike kwazazzabon da ke bakin rafi. Tukur ya ce to sai da yardar manya.

Mai unguwa Iliyasu ya ce shi ba ya ƙi, amma a ji ta bakin liman. Malam Uwaisu kuwa mutum ne da ba a yi masa wargi. Ya dubi Mika'ilu ya ce, "Babu abin da zai ɓata mana tarbiyyar yara?"

"Allah gafarta Malam, babu. Labarin wani manomi ne da takin zamani. Na kalle shi a Ikara, na kalle shi a Makarfi, na kalle shi a Kudan."

"Ka ɗauka a wuyanka?"

"Na ɗauka."

Ran Laraba da la'asar mota ta iso. Aka kafa sanduna biyu a filin da ke gaban tsamiya, aka ɗaure farin ƙyalle. Tukur ya leƙo ta taga ya ce, "Sarkin Kallo, yau dai ka huta da keke."

Sai maganar wurin zama ta taso. Mai unguwa yana da surukai uku a cikin samarin da suka cika filin. Malam yana da ɗalibansa. Ba zai yiwu a yi abin dariya dattijo ya dara suruki yana kallon haƙoransa ba. Tukur ya ce ai hoto yana ratsa ƙyalle, ana gani ta baya ma. Mai unguwa ya ce madalla. Ya sa aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi a bayan ƙyalle, gindin tsamiya, su kaɗai. Mika'ilu ya dubi wurin. Shi bai taɓa zama a baya ba, a wurinsa nan wajen makararru ne. Amma ya ga girmamawa ce, ya bar ta haka.

Da aka idar da sallar lisha inji ya tashi. Haske ya faɗa kan ƙyalle, fili ya ɗauki salati. Ga manomi nan da babbar riga, ga gonarsa, ga malamin gona ya zo a kan keke. Mika'ilu yana kan buzunsa, ƙirjinsa cike. Yau unguwarsu ta shiga sahun garuruwa.

Ba a yi nisa ba aka dafa kafaɗarsa. Aka ce mai unguwa yana kira, maza.

Ya zagaya bayan ƙyalle ya durƙusa. Babu wanda ya amsa gaisuwarsa. Malam Uwaisu ya nuna ƙyalle da sandarsa.

"Duba abin da ka ɗauka a wuyanka."

Mika'ilu ya ɗaga kai. Manomin yana miƙa wa malamin gona hannu, kuma hannun hagu ne.

"Ba wannan ne na farko ba," in ji Malam. "Ɗansa ya ba shi ruwa da hagu. Ya karɓa da hagu. Ya sha da hagu. Uba bai kwaɓe shi ba. Garin su waye wannan? Wannan za ka koya wa 'ya'yanmu?"

Wani dattijo ya ce, "Har fartanya da hagu yake riƙe ta. Gari guda duk bahagwai!"

Mika'ilu ya sake dubawa. Sau uku ya ga wannan gaisuwa, kuma zai iya dafa littafi da dama aka yi ta. Ga shi yanzu idonsa yana ƙaryata shi.

Mai unguwa ya ce a kashe inji. Aka kashe. Fili ya yi duhu, jama'a suka fara gunaguni. Tukur ya zo da fitila a hannu.

"Malam Tukur," in ji mai unguwa, "mun gode da tattaki. Ku naɗe kayanku. Kada a sake kawo mana."

Mika'ilu yana durƙushe, hoton ƙarshe bai bar idonsa ba. Ba hannun yake gani ba, rigar yake gani. Riga ce mai aska takwas, aikin gwani. A Makarfi ya daɗe yana yaba ɗinkin. Amma yanzun nan aljihunta a ƙirjin dama ya gan shi. Tun da aka fara ɗinka riga a ƙasar Zazzau, babu maɗinkin da ya taɓa sa aljihu a dama.

Ya ɗago. "Ranka ya daɗe, a ba ni magana ɗaya."

"Ka yi da yawa tun kafin yau."

"Ɗaya ce. Allah gafarta Malam, aljihun rigarka ina yake?"

Malam ya dafa ƙirjinsa. "Hagu. Kai ka ɗinka ta."

"Idan ka juya ta baibai ka sa fa?"

Malam ya ce, "Dama zai koma."

"To baibai kuke kallo. Wannan ƙyalle yana da fuska, yana da baya, kamar kowane ƙyalle. Mutanen nan da dama suke ci. Ku zagayo gaba ku gani."

Dattijon nan ya ce, "Ji wayo! Mutum ya juya don an zagaya shi? Ni in ka zagaya bayana, hannuna canzawa yake?"

Wasu suka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba. Ya ce, "In je in zauna a tsakiyar surukaina, don a gwada maganar maɗinki?"

"A'a, ranka ya daɗe. Su za su tashi. Su dawo nan, ku koma can."

Malam Uwaisu ya gyara riƙon sandarsa. "Idan muka tayar da gari guda, muka zagaya, muka ga hagu fa?"

Mika'ilu ya san abin da ake jira ya faɗa. "Na bar kallo. Ba nan kaɗai ba, ko'ina. Ba za a sake ganina gaban ƙyalle ba har in koma ga Allah. Na ran..."

"Kada ka rantse. Ka faɗa, shaidu sun ji."

Tukur ya ja shi gefe. "Kai, ka san ba zan iya mayar da fim ɗin baya ba. Sai na warware shi duka da hannu, kuma man inji ba zai kai mu ba. Gaisuwar ta wuce."

"Ba sai ka mayar ba. Ci gaba daga inda ka tsaya."

Ya juyo ga dattawa ya ɗaga murya. "Jaki zai wuce da buhu biyu. Za a nuna dawa ta yi kai. Sannan matar gida za ta ajiye akushi a gindin rumbu, uba da ɗa su zauna su ci. A nan za ku duba."

Aka yi shela. Samari suka tashi suna ƙunƙuni, suka kwashi tabarminsu suka zagaya ta kudu. Dattawa suka zagayo ta arewa, don kada a yi kiciɓis. Aka shimfiɗa musu a tsakiyar fili. Mika'ilu bai zauna ba. Ya tsaya gefe, hannuwansa a baya.

Inji ya tashi. Jaki ya wuce da buhu biyu. Mai unguwa ya waiwayo ya dubi Mika'ilu. Dawa ta yi kai, iska tana kaɗa ta. Ga rumbu. Ga mace da akushi.

Manomin ya zauna, ɗansa ya zauna. Uban ya miƙa hannu ya buɗe faifan da aka rufe akushin. Hannun hagu ne.

Malam Uwaisu ya yi gyaran murya. Mika'ilu ya ƙura wa ƙyalle ido. Wannan bai taɓa lura da shi ba, duk kallo ukun.

Manomin ya ajiye faifai. Ya naɗe hannun riga. Ya sa dama a cikin tuwo, ya gutsuro, ya dangwali miya, ya kai baki. Ɗansa ma haka.

Sai daga bayan ƙyalle wata murya ta tashi, muryar Sani, babban surukin mai unguwa.

"Kai! Jama'a, da hagu yake ci!"

Wani ya ce, "Ɗazu ba haka yake ba!"

"Wallahi ya canza hannu!"

Mai unguwa ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, bai iya ba. Dariya ta ƙwace masa, ya sa gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Sauran dattawa suka biyo. Wanda ya ce a zagaya bayansa ya fi kowa, har yana buga cinya.

Malam Uwaisu bai yi dariya ba. Ya miƙe da sandarsa ya taka har gefen ƙyalle, daidai sandar da aka ɗaure shi. Ya leƙa baya. Ya leƙo gaba. Ya sake leƙawa baya. Ɗalibansa suka sunkuyar da kai. Ya dawo a hankali ya tsaya gaban Mika'ilu, inda kowa ke gani.

"Mun zargi bayin Allah da abin da ba su yi ba," in ji shi. "Kai ma mun zarge ka. Gaskiyarka ce. Alkawarin da ka ɗauka ya faɗi, ba ya kanka."

Mika'ilu ya durƙusa. Malam ya ce, "Tashi. Zo nan ka zauna."

Wata tsohuwa daga gefen mata ta rangaɗa guɗa. Tukur ya buga bayan motarsa ya ce, "Sarkin Kallo! Na gaishe ka!"

Daga baya Sani ya ɗaga murya. "Baba, a yi mana izini mu dawo gaba?"

Mai unguwa ya share hawayen dariya. "Ku zauna nan. Mu ma mun ɗanɗana." Ya juya wajen mota. "Malam Tukur!"

"Ranka ya daɗe."

"Maganar ɗazu na janye ta. Duk ran da kuka gama zagayenku, ku biyo ta nan. In ruwa ya cinye hanya, za mu gyara."

"An gama, ranka ya daɗe."

Mika'ilu ya zauna a tabarmar manya, tsakanin liman da mai unguwa, wurin da ubansa ma bai taɓa zama ba. Ya tanƙwashe ƙafa ya ɗaga kai. A kan ƙyalle manomi ya wanke hannu ya miƙe, ana shirin ɗaure dawa.